Daminar da Farar Mota Ta Sha Shuni

Shekarar da aka tura maigidana kwas ƙasar waje, ni kaɗai ce macen da ke tuƙa mota a duk layinmu na Runjin Sambo, kuma ba kowa abin ya yi wa daɗi ba. Lokacin soja ke mulki, kuɗin mai sun shigo ƙasa, an yi wa ma'aikata ƙarin albashi, kowa ya ruɗe da saye-saye. Mai tafiya a ƙasa ya hau keke, mai keke ya koma babur, maigidana kuwa da ke aiki a ofishin gwamnati ya sayo mota fara sol. Shi ya koya mini tuƙi da kansa a wani fili bayan gari, ran Lahadi-Lahadi, yana faɗa ina ramawa, har na samu lasin. Ba don gayu ya yi haka ba. Ina koyarwa a wata makarantar firamare can wajen Dundaye, kuma da damina babu motar hayar da ke yarda ta shiga hanyar nan. A daminar da ta wuce sau biyu hedimasta yana rubuta mini takardar gargaɗi saboda makara, ya kuma ce in aka yi ta uku ya san abin da zai yi.

A gidan iyayen maigidana muke zaune, sashenmu daban. Surukina, wanda duk gidan ke kira Baba, tun yana saurayi yake sayar da tufafi, yana da rumfa a kasuwa. Ba shi da yawan magana, kuma da ɗan yatsa yake auna komai. In aka miƙo masa yadi ba ya tambayar daga ina, sai ya murza shi tsakanin yatsu biyu ya ɗaga ya duba a rana. Ranar da maigidana zai tafi, ya durƙusa gabansa ya ce ya bar mota a hannuna. Baba bai ce e ba, bai ce a'a ba, addu'ar hanya kawai ya yi masa. Bayan kwana biyu saƙo ya iso ta bakin surukata Inna, don ni da Baba ba ma doguwar magana, daga nesa nake durƙusawa in gaishe shi in wuce. Ta ce ya ce mota amanar ɗansa ce. Ya yarda in riƙa zuwa aiki da ita, amma ranar da ya ga ta wulaƙanta, makulli zai koma hannun ƙanen maigidana har mai ita ya dawo.

Na san abin da hakan ke nufi sarai. In makulli ya bar hannuna, aikin ma ya bar hannuna, don ba ni da wata hanyar isa makaranta kafin a buga ƙararrawa. Kuma ni ina son aikin nan, ban taɓa ɓoyewa ba. 'Yan aji biyu nake koya wa karatu, rabinsu sai da na bi gida-gida na roƙi iyayensu kafin aka sake su.

Shi ƙanen maigidan nawa, saurayi ne ɗan ashirin da 'yan kai, tare suke zama rumfa da Baba. Ya iya tuƙi, kuma tun ranar da motar ta shigo gidan yake haɗiyar yawu a kanta. Akwai wasa tsakanina da shi kamar yadda aka saba tsakanin mace da ƙanen miji, amma nasa wasan da ɗan yaji a ciki. Direba yake kirana. In ya gan ni da safe sai ya tambaye ni yau ina za a kai kaya, ni kuma in ce masa ya je ya fara wanke wuyan rigarsa kafin ya yi maganar mota. Shi aka ɗora wa kai ta wanki duk ran Jumma'a bayan an sauko daga masallaci, wurin masu wankin mota a bakin gulbi, don ba yadda za a yi matar aure ta je ta tsaya cikin ƙarti sun tuɓe riga sun naɗe wando. Su kam sun san aikinsu. Suna tura mota har bakin ruwa, su wanke ƙarƙashinta, su fitar da shimfiɗun ciki su shanya, su goge ta da wani mai har ka ga fuskarka a ƙofa. Wankin awa ɗaya ne, amma gogan naka ba ya dawowa sai gab da magariba, ya gama zaga gari da gwiwar hannu a taga.

Sai dai daga Jumma'a zuwa Jumma'a kwana shida ne a tsakani, kuma nan aikina yake. Daga inda kwalta ta ƙare zuwa makaranta jar laka ce, in an yi ruwa sai ta zama kamar kunu. Kafin in dawo gida, farar mota ta yi ja har wajen hannun ƙofa. Baba kuwa bai san komai a inji ba, ko inda ake zuba mai ba na jin ya sani. Jikin motar kawai yake dubawa. Akwai wani ɗan kango a gefen gida da aka kewaye da zana, nan nake ajiye ta, kuma ta nan yake bi kullum in zai tafi kasuwa. Ta kafar zana nake leƙensa. Sai ya tsaya, ya shafa ƙofa da ɗan yatsa, ya duba yatsan, ya wuce.

Makon farko na yi wauta. Na bari lakar ta bushe sannan na sa tsumma na murje ta da ƙarfina, yadda ake wa gindin tukunya. Da aka kai ta wanki, tsohon da ke shugabantar masu wankin ya aiko ƙanen maigidana ya gaya mini in daina, yashin da ke cikin laka yana karce fenti. Ya ce in fara jiƙa ta tukuna, in bar ruwa ya kwashe abin da zai kwashe, hannu ya zo daga baya. Ɗan aiken ya ƙara nasa gishirin, wai tsohon ya tambaya ko da dutsen niƙa ake wanke motar. Na ji haushi ƙwarai, amma na riƙe maganar.

Daga nan na tsara abina. Ina dawowa daga makaranta, ko mayafi ban gama cirewa ba, sai in ja ƙyauren kango in ɗaura ɗamara. Bokiti biyu nake ajiyewa, ɗaya na sabulu ɗaya na ɗauraya, don kada in mayar da yashi jikin mota. Da buta nake bi ƙarƙashin inda tayoyi ke watsa laka, ina tsiyaya ruwa ina sa wani ɗan kara da na naɗa wa tsumma. Daga sama nake farawa in gangaro, tsumman rufi daban, na ƙafafu daban, duk tsofaffin singiletin maigidana ne na yayyanka. Na lura ruwan rijiyarmu yana barin farin tabo in ya bushe, ruwan sama kuwa ba ya bari, sai na kafa duro a ƙarƙashin indararo, na hana kowa ɗiba. Har faɗa muka yi da wata maƙwabciya a kan duron nan, ta ce wai yanzu mota ta fi mutum daraja, na ce mata ga rijiya can ba a kulle ta ba. Gilashi da tsohuwar jarida nake goge shi. A ƙarshe in bi jikin duka da wata lallausar fatar akuya da maigidana ya bari, in matse in sake bi, har ba sauran ɗigo.

Ciki ma da nasa aikin. Ba na iya wuce matan Dundaye a hanya suna tafe cikin ruwa da ƙwarya a ka, sai na tsaya na ɗauke su, su kuma su shigo da laka har ƙauri, wani lokaci nono ya zube. Na yanka tsohuwar tabarma daidai wurin sa ƙafa, kullum in fitar in kakkaɓe in shanya. In rana ta fito sai in buɗe ƙofofi huɗun su sha iska, don warin danshi in ya kama kujera ba ya fita da wuri. Hannuwana suka yi kaushi, bayana ya riƙa ciwo, amma in na ja da baya na kalle ta fes cikin kangon nan, daɗi nake ji har cikin raina. Wata guda cur Baba yana shafawa yana duba yatsa, bai sami abin cewa ba.

Abin da ya gagare ni bishiya ce. A tsakiyar kangon akwai wani babban dogon yaro, kuma da damina ta yi nisa 'ya'yansa suka nuna. Tsuntsaye da rana, jemagu in duhu ya yi, duk nan suke walima. In wanke mota tas da yamma, gari na wayewa in tarar da rufinta kaca-kaca da kashi da ɓawon 'ya'yan itace da ganye ya manne. Kashin jemage kuwa in ya kwana a farin fenti, sai ya bar wani rawaya-rawaya da sai ka yi da gaske. Na koma wanki sau biyu a rana, ina idar da sallar asuba in fito da bokiti. Wata safiya har da jifa na yi wa bishiyar, ina zagin jemagun kamar suna jina.

Inna ce ta tarar da ni a haka. Ita tun farko tana bayana, ko da yake ba ta taɓa faɗa a gaban Baba ba. Ba ta yi boko ba, amma duk ranar da na fita da mota sai ta tsaya a soro tana kallo har in sha kwana, kuma na sha jin ta tana gaya wa baƙi cewa ɗiyarta malama ce, da kanta take jan mota. Ta dubi rufin, ta dubi bishiyar, ta ce ai abin da ke waje rufe shi ake yi, ko tuwo ba a bari a buɗe. Na ce tamfol ya yi wuya a kasuwa, 'yan kwangila duk sun kwashe. Ta ce in biyo ta ɗaki.

Daga ƙasan adudunta ta fito da wasu baƙaƙen zannuwa guda huɗu, saƙar hannu, rinin karofi, sun sha shuni sun sha bugu har suna ƙyalli. Ta ce na aurenta ne, Baba ya sa mata su a lefe, rabon da ta ɗaura su ta manta, gara su yi amfani da asu ya cinye su. Na ce Inna ba za su zuba ba? Ta yi dariya ta ce zanen da ya haura shekara talatin wane zuba ya rage masa. Ni kuma 'yar gidan malamai ce, a gidanmu tawada muka sani, ban san kan rini ba, sai na yarda. Abin da ba mu tuna ba, daga ni har ita, shi ne irin waɗannan zannuwa ba a wanke su. Ɗaurawa ake a je biki a dawo a ninke. Duk shekarun nan ko ɗigon ruwa bai taɓa su ba, shuninsu yana nan yadda ya fito daga karofi.

Ran Alhamis Baba ya tafi sarin kaya, ya ce sai Litinin da yamma zai dawo. Muka baje zannuwan a tsakar gida ni da Inna, muka haɗa su da zare da allura, yatsunmu suka yi baƙi muna ta dariya, ko wannan bai sa mun farga ba. Ran Jumma'a aka dawo da mota daga wanki tana sheƙi, na lulluɓe ta, na ɗaure kusurwoyin da igiya. Asabar da safe na ɗaga na leƙa, ko ɗigon kashi babu. Na je na rungume Inna, ta ture ni tana cewa in sake ta kada in karya ta.

Ran Lahadi da hantsi hadari ya haɗo daga gabas, aka kece da ruwa kamar da bakin ƙwarya, bai tsaya ba sai wajen azahar. Ina ɗaki ina duba littattafan yara, hankalina kwance, har ina tausayin masu motar da ba su da irin dabararmu. Ruwa na ɗaukewa rana ta buɗe, irin mai zafin nan ta bayan ruwa. Na ce bari in bar zanen ya bushe a jikinta tukuna. Sai bayan la'asar na shiga kango na kwance igiya na yaye.

Wallahi sai da na ja da baya. Motar da na rufe fara, ga ta nan shuɗiya. Ba ma shuɗi ɗaya ba, rufi da murfin inji sun yi duhu har da zanen saƙar ya fito a jiki, ƙofofi kuma layi-layi inda ruwan ya gangara. Ƙasa ma duk ta yi shuɗi. Sai na saki salati. Inna da ta jiyo salatina ta fito, tana ganin motar sai ta zauna daɓas a jiƙaƙƙiyar ƙasa, ta ɗora hannu a ka tana cewa ta kashe mini aiki, ta cuce ni. Ta ce Baba na dawowa za ta gaya masa ita ce.

Nan na dawo cikin hankalina. Tsohuwar nan kayan aurenta ta fitar ta ba ni, ba wanda ya roƙe ta. In Baba ya ji an ɗinke zannuwan da ya sa mata a lefe an yi wa mota rufi da su, ban san yadda zai ɗauka ba, kuma ba zan iya kallon ana yi mata faɗa a kaina ba. Na ɗaga ta, na ce ta yi mini alkawari ba za ta buɗe baki ba, mota a hannuna aka bar ta, ni zan amsa. Na nannaɗe zanen na cusa a bayan randa a sashena.

Daga nan har magariba ina kan motar. Gilashi da ƙarafan gaba suka fita da sabulu kawai. Ƙofofi ma da na haɗa da garin sabulu na yi ta bi a hankali, suka yi haske sosai. Amma rufi da murfin inji, inda rana ta riga ta cinye santsin fentin, shuni ya shige ya zauna. Na gwada kananzir, na gwada lemun tsami, har toka na ɗebo sai na tuna saƙon tsohon bakin gulbi na zubar. Ya ragu, amma makaho ne kaɗai zai ce farar mota ce. Gaskiyar magana bai taɓa fita duka ba. Daga baya masu wanki sun yi ta bin sa da man gogewa mako-mako, amma har ranar da aka sayar da motar, in rana ta haska rufinta sai ka ga wani shuɗi-shuɗi.

Ana haka ƙanen maigidana ya shigo. Ya yi dariya har da dafa zana, ya ce Direba ta kai mota karofi, saura bugu. Na ɗago na kalle shi, ban san me ya gani a fuskata ba, sai dariyar ta tsaya. Ya zagaya motar, ya sosa ƙeya, ya ce in ba shi ita da sassafe ya kai bakin gulbi, ƙila su san dabara kafin Baba ya iso. Na ji daɗin maganar, don na san shi ne zai ci ribar faɗuwata. Amma in na ba shi da safe na rasa makaranta ke nan, ga takarda ta uku tana jirana. Muka shirya zan je aiki, ina dawowa ya karɓa ya ruga da ita, tunda sai yamma Baba zai shigo.

Ban taɓa shan kallo irin na ran Litinin ɗin nan ba. Masu keke suna waiwaye har suna neman faɗawa kwata. A shingen sojoji na bakin gada, sojan da kullum hannu kawai yake ɗaga mini, ranar sai da ya tsayar da ni ya leƙo ya tambaya ko sabon launi ne aka shigo da shi. Na ce masa e, bai riga ya iso bariki ba. Na yi darasi ranar, amma ban san abin da na koyar ba.

Na taso na kamo hanya ina sauri, na shawo kwanar layinmu, sai ga Baba tsaye a ƙofar kango da sandarsa. Ashe ya sami mota tun da wuri, ya riga ni isowa. Ƙanen maigidana yana rakuɓe a bayansa kamar kazar da ruwa ya doka. Ba wurin juyawa. Na shigar da motar, na kashe, na fito na durƙusa can gefe na gaishe shi.

Baba ya matso. Ya zagaya motar sau ɗaya a hankali. Ya lashi yatsa ya murza rufin, ya duba, ya kai hanci ya shinshina. Sannan ya yi mini magana kai tsaye, abin da bai taɓa yi ba tun da aka kawo ni gidan.

"Wa ya yi wanga aiki?"

"Ni na yi, Baba. Na rufe ta saboda jemagu, ruwa ya sauka a kai."

"Da wane zane?"

Na ce wani tsohon zane ne nawa. Ya sake duba yatsansa, ya daɗe yana kallo.

"Ɗiyata, wanga shuni ya girme ki. Ni na zaɓo shi da hannuna tun ba a haife ki ba. Yanzu ba a rini irin wanga."

Na gane ya san zanen Inna ne, kuma ya san ƙarya na yi masa. Kunya ta rufe ni kamar ƙasa ta tsage in shige. Duk da haka na ce ni dai na ɗora shi a kan mota da hannuna, ba wanda ya sa ni. Na ciro makulli na ajiye a ƙasa gabansa da hannu biyu, don na san sharaɗin da aka yi, ba sai an tuna mini ba. Daga bayan zana Inna ta fara magana cikin kuka, ya ce mata bai tambaye ta ba. Ya sunkuya ya ɗauki makullin, ya sa a aljihu, ya shige gida.

Yinin nan ban ci abinci ba. Na zauna ina tunanin yadda zan rubuta wa maigidana, da yadda zan sallami yaran ajina, ina jin haushin jemagu, da bishiya, da kaina fiye da kowa. Inna ta aiko mini da fura na mayar. Abin mamaki, ban ji an ɗaga murya a sashensu ba. Na kasa kunne sosai, sau ɗaya ma kamar dariyar Baba na jiyo, na ce kunnena ne.

Washegari na yi sallah na shirya tun da wuri, na ɗaure littattafai a ɗankwali, na yi niyyar fita bakin titi ko Allah zai kawo wata motar itace mai zuwa wajen Wamakko in roƙa a rage mini hanya. Sai Inna ta leƙo, idonta a kumbure amma bakinta da murmushi, ta ce Baba na kira a kango.

Na same shi tsaye ya sha babbar riga da rawani. A kan murfin inji akwai bandir na farin alawayyo, sabo fil daga rumfarsa, makulli a samansa. Na durƙusa. Ya nuna yadin da sanda ya ce wannan ba ya zuba, amma in wanke shi sau biyu in fitar da sitacin kafin a kai wa tela ya ɗinka daidai motar. Na buɗe baki zan yi godiya. Shi kuwa ya riga ya kama hannun ƙofar baya yana kokawa da shi. Ƙanen maigidana ya yi sauri ya buɗe masa, Baba ya tattara rigarsa ya shiga ya zauna.

"Ki aje ni kasuwa kahin ki wuce," in ji shi.

Na shiga na tada motar. Ko madubi ban iya kallo ba don kada mu haɗa ido. Tafiyar da nake yi a minti goma sai da na kusa ninka ta, kowane rami sai na lallaɓa. Ƙanen maigidana yana biye da mu a keke. Ina tsammanin Baba zai ce in tsaya daga nesa ya ƙarasa da ƙafa, kada abokan kasuwancinsa su gan shi a motar da surukarsa ke ja, motar ma mai rufi shuɗi. Bai ce ba. Da sanda ya riƙa nuna mini hanya har cikin layin 'yan tufafi, daidai bakin rumfarsa, lokacin kowa na buɗe kaya. Duk layin aka zubo mana ido. Ya fito a natse, ya gyara rawani, ya gaisa da na dama ya gaisa da na hagu. Wani tsoho maƙwabcin rumfarsa ya kasa haƙuri ya tambaye shi wa ya kawo shi haka. Ya ce ɗiyarsa ce, malama. Sannan ya sunkuyo ta taga, ya yi maganar yadda duk na kusa za su ji.

"In kin taso ki biyo ki ɗauke ni. Gobe ma haka."

Na ce to, Baba. Na ja motar na fita daga kasuwar lafiya lau, na wuce sojojin gada, amma ina sauka daga kwalta sai da na tsaya a gefen wata gonar gero, don hawaye sun hana ni ganin hanya. Na kifa kai a sitiyari na yi kukana mai isata, ni kaɗai, na farin ciki. Sannan na share ido da gefen mayafi na sa giya, yara suna can suna jirana.